Bayan Labulen Mai Hoto: Sha'awar Ɗaukar Hoto A Kan Hanya





Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ina gode wa wannan ƙungiya da ta gayyace ni, ta kuma bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kansa. Na san wasunku sun zaci tun da na tsufa cikin aikin gwamnati, zan kawo maganar neman aiki ne ko ta ƙarin girma. To, ku yi mini haƙuri, domin abin da na zo da shi yau shi ne abin da mutanen garinmu suka daɗe suna kira wasana, watau yawo da kyamara a kan hanya. Tun 1983 nake wannan yawo, ban taɓa cin kwabo da shi ba, sai dai shi ya ci nawa. Duk da haka ina so in nuna muku cewa hoton da ya fi daraja bayan shekaru hamsin, galibi shi ne na abin da a yau ba wanda ya ga ya isa a ɗauka, kuma in ba ku ne kuka ɗauka ba, babu wanda zai zo daga wani wuri ya ɗaukar mana.

Hoto Ɗaya Daga Baure

Bari in fara da labarin wannan ɗan hoto da ke hannuna. An ɗauke shi a Baure ranar Ƙaramar Sallah ta 1971, ina ɗan shekara 9. A wancan zamani mai hoto baƙo ne, yakan zo lokacin Sallah da akwatinsa na katako mai ƙafa uku, ya sami bango ya rataya baƙin ƙyalle, ya ajiye benci. Sai ya zaunar da mutum, ya ce kada ya motsa, ya cire murfin gilashin da hannunsa, ya ɗan ƙirga, ya mayar. Daga nan ya zura hannu cikin akwatin ya wanke takardar a ciki, hoto ya fito a juye, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai ya kafa wannan a gaban gilashin ya sake ɗauka, ya ɗauraye cikin bokiti, ya miƙa maka da sauran danshinsa. Mu yara mun ɗauka akwai aljani a cikin akwatin.

Mu huɗu muka haɗa kuɗin yawon Sallarmu, ni da wana da abokanmu biyu. Da yake mun yi wa labulen yawa, sai mai hoto ya ja akwatinsa baya don ya game mu duka, saboda haka labulen bai rufe gefen hagu ba. Da hoton ya fito wana ya yi ta fushi, wai an ɓata mana shi, ga kututturen tsamiya, ga gindin jaki, ga wata mata zaune a ƙasa. Mahaifiyarmu ta jefa shi cikin adakarta, ya yi shekaru 47 a can.

A 2018 ɗiyata ta ɗauki hoton da wayarta, ta kai wa gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana faɗaɗa mata fuskokinmu da yatsa don su yi mana dariya. Hannunta ya zame zuwa gefen hagu. Gwaggo ta riƙe mata hannu, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Tsaya, 'yar nan. Wannan ai Inna ce." Ta gane ta ne da ɗaurin kallabinta, da yadda take miƙe ƙafa ɗaya in ta zauna, da faifan daddawar da ke gabanta. Kakata ce, wadda take kirana angonta, take ɓoye mini ƙanzo. Ta rasu a 1974, cikin shekarun fari, kuma duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa yarda ta zauna gaban mai hoto ba. Wannan inuwa da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba, ita kaɗai ce kamanninta da ta rage a duniya.

Ranar nan Gwaggo ta yi magana tun daga la'asar har aka kira isha'i. Ta gaya mana wanda ya shuka tsamiyar da wanda ya sare ta, da inda raƙuman Buzaye suke durƙusawa da kanwa da gishiri da dabino, da inda ake kafa sikelin awon gyaɗa, da rijiyar da ke bayan bangon wadda aka cike. Ni ma abubuwan da na manta suka yi ta dawo mini, ƙamshin daddawa, da zafin rairayi a tafin ƙafa, da wutar karan makarantar allo da daddare. Mu huɗun da muka sha ado muka biya kuɗi, ba abin da hotonmu ya tuna wa kowa. Gefen da aka ce ya ɓata hoton, shi ne hoton.

Abin Da Muke Da Shi, Da Abin Da Muka Rasa

Ƙasar Daura ba ta rasa tarihi ba. Kowane ɗan firamare ya san labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Mun san cewa bayan jihadi gidan sarautar Haɓe ya bar birnin, wani reshe ya zauna a Zango, wani a Baure, har Turawa suka maido da sarautar birnin ga Malam Musa a farkon ƙarni na 20. Mun san Sarki Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007. M. G. Smith ya rubuta babban littafi kan harkokin mulkin Daura wanda aka buga a 1978. Amma ku koma gidajenku ku bincika, ku gani ko za ku sami hoton kasuwar garinku kamar yadda take a 1965, ko na marina, ko na maƙera, ko na 'yan mata suna gaɗa a dandali.

Abin da za ku tarar iri uku ne. Akwai hotunan sarakuna da hawan Sallah da na Gani. Akwai hotunan fasfo na makaranta da na aikin Hajji. Akwai kuma namu na ado, mutum ya ari agogo ya ɗora hannu kan rediyo a gaban labule mai zanen bene. Duka suna da amfaninsu, amma dukansu hotuna ne na ranar da ba ta yi kama da sauran ranaku ba. Rayuwarmu ta kullum, wadda a cikinta muka girma, tana can bayan labule.

Ga misali da kowa ya sani. Dalar gyaɗa ta Kano ta tsaya shekaru da yawa, kuma gumin manomanmu na cikin buhunan da aka gina ta da su. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar gyaɗa ta 1975, da komawar hankalin ƙasa ga man fetur, suka taru suka kawar da ita. Yau ba ɗayanku da ya gan ta da idonsa, amma kowa ya san siffarta, domin an ɗauke ta a hoto. To, ina hoton manomin Baure da ya ɗoro buhu biyu a kan jakinsa? Ina na matarsa da ta ɓare gyaɗar? An ɗauki dala, an bar waɗanda suka tara ta.

Haka kuma da yawa daga cikin tsofaffin hotunan Arewa baƙi ne suka ɗauka, kuma can suke ajiye a ƙasashensu. Eliot Elisofon ya zo Nijeriya a 1959, hotunansa suna gidan tarihin Smithsonian a birnin Washington. Z. R. Dmochowski, mutumin Poland, ya yi shekaru yana aunawa yana ɗaukar hotunan gine-ginenmu na gargajiya, aka buga aikin cikin littattafai 3 a 1990, bayan rasuwarsa. Muna gode musu. Sai dai baƙo yana ɗaukar abin da ya ba shi mamaki ne, ɗan gari kuwa shi ya san abin da za a yi kewarsa.

Waɗanda Suka Riga Mu

Wannan sha'awa ba sabuwa ba ce, kusan tare aka haife ta da hoton kansa. A 1838 Louis Daguerre ya kafa na'urarsa a taga ya ɗauki wani babban titi a birnin Faris. Da yake a lokacin sai an bar gilashi a buɗe na mintoci, duk kekunan doki da masu tafiya sun ɓace, titin ya fito fayau kamar an yi shara. Mutum biyu kaɗai suka fito, wani da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai goge masa. Ku lura da wannan, jama'a. Cikin mutanen farko da hoto ya kama a duniya har da mai gyaran takalmi a bakin hanya, kuma ya fito ne saboda dalilin da ya sa kakata ta fito, watau yana zaune a kan sana'arsa.

Daga baya aikin ya yi ta sauƙi. George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a 1888, sai Brownie a 1900 wadda ake sayarwa dala 1, sai Leica a 1925 wadda take shiga aljihu. A Faris ɗin nan dai, Eugène Atget ya yi kusan shekaru 30 yana bin lunguna yana ɗaukar ƙofofin shaguna da 'yan talla, domin ya ga ana rushe tsohon gari. Ya mutu a 1927 ba tare da ya yi suna ba, yau kuwa duk mai son sanin tsohon birnin sai ya nemi hotunansa.

A nan Afirka ta Yamma, Malick Sidibé ya bi samari da 'yan matan Bamako zuwa wuraren wasanninsu da bakin Kogin Kwara, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa a bikin zane-zane na birnin Venice. A Yamai, Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar birnin a shekarun 1960 da 1970. A Nijeriya kuwa, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan 1,000 kafin rasuwarsa a 2014. Kitso fa, abin da ake tsefewa bayan mako biyu. Ba wanda ya aike shi. Ya lura ne cewa yayi yana wucewa, kuma in ya wuce ba ya barin kufai. Da wani ya yi mana haka da zanen ƙwarya, ko ɗinkin hula, ko adon sirdi, da yau muna da taska.

Hoto Da Tunawa

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma su ne kuma suka ce waiwaye adon tafiya. Ni ina ganin mutumin da bai san yadda unguwarsu take da ba, ba zai iya auna ko gaba aka ci ko baya ba. In aka nuna wa matashi hoton hanyar da yake bi kullum cike da gawo da tsamiya da kuka, ba sai an yi masa lacca a kan kwararowar hamada ba. Gani ya kori ji.

Masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa tunawa ba kamar buɗe adaka ba ce, a ɗauko abu yadda aka ajiye shi. Kullum sake ɗinka ta ake yi, kuma tana bukatar bakin zare. Hoto bakin zare ne mai kyau. Tun 1957 wani masani, John Collier, ya bayyana cewa in ana hira da mutane aka ajiye hotuna a gabansu, bayaninsu yakan fi tsawo, ya fi tsari, kuma ba sa saurin gajiya. Abin da ya faru da Gwaggo ke nan. Saboda haka ɗaliban tarihi da na Hausa da za su je neman bayani wurin tsofaffi, kada ku je da takardar tambayoyi kaɗai. Ku je da hoto, ko da na turmi ne ko na guga.

Amma akwai gargaɗi biyu. Na farko, hoto yana iya dasa wa mutum tunanin abin da bai faru ba. A 2002 Kimberley Wade da abokan aikinta suka nuna wa mutum 20 hotunan ƙuruciyarsu, suka cusa na jabu guda ɗaya da ke nuna su cikin kwandon balan-balan a sararin sama. Bayan hira 3, rabinsu suka ce sun tuna wani abu na wannan tafiya da ba a taɓa yi ba. A wannan zamani da kwamfuta ke iya ƙirƙiro hoton abin da ba a taɓa yi ba, mai ɗaukar hoto na gaskiya shaida ne, kuma shaida ba ya ƙari, ba ya ragi. Kada ku goge kwata ko ku dasa fure don garinku ya yi kyau.

Na biyu, yawan ɗauka yana iya rage gani. Linda Henkel ta zaga da ɗalibai gidan tarihi, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa abubuwan da suka ɗauka a hoto ba su tuna su kamar waɗanda suka tsaya suka kalla kawai ba, sai fa inda suka mai da hankali kan wani sashe na abin. Zamanin da nake sayen fim mai ɗauka 36, in aika Kano a wanke, in jira mako biyu, tsada ce take tilasta mini in duba kafin in danna. Ku da wayarku ke ɗaukar dubu, sai ku tilasta wa kanku.

Ladabin Mai Kyamara

Yanzu zan gaya muku inda na yi kuskure. A 1984, shekarar da aka rufe iyakokin ƙasa, na je wani ƙauye wajen iyakarmu da Nijar. Na hangi mata a bakin rijiya, rana ta yi sanyi, ƙura ta yi ja, abin dai gwanin kyau. Na laɓe bayan danga na ɗauka. Kafin in mai da kyamara jaka, maza sun kewaye ni. Wasu na cewa ɗan leƙen asirin ma'aikatan iyaka ne, wasu na cewa ɗan iska ne. Aka kai ni zauren mai unguwa. Da ya ji ɗan gidan da nake, sai ya ce, "Ɗana, in wani ya laɓe ya yi wa uwarka haka, me za ka kira shi?" Ban sami amsa ba. Da hannuna na buɗe kyamarar na zaro fim ɗin a rana, hotunan wata guda suka ƙone. Ban taɓa yin asarar da ta amfane ni kamar wannan ba.

Abin da littattafan Turawa ke koyarwa, cewa ka ɗauki mutum bai sani ba don ya fito yadda yake, bai dace da mu ba. Fatawa a kan hoto aikin malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Amma abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta yi umurni da neman izini kafin shiga gidan wani, kuma sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa. Saboda haka ga abin da na koya.

Ka fara da sallama, ka gaisa, ka faɗi ko kai ɗan wane ne da abin da za ka yi da hoton. In baƙon wuri ne, ka fara zuwa wurin mai unguwa, a kasuwa kuwa wurin sarkin kasuwa. In an yarda, kada ka ɗauka nan take. Ka zauna, ka sayi goro ko rake, ka yi hira har a manta da kai, maƙeri ya koma kan uwar maƙerarsa. A nan za ka sami hoton da mai laɓewa ke nema, ba tare da ka ci amanar kowa ba. In an ce a'a, ka yi godiya ka wuce. Kada ka ɗauki matan mutane, kada ka ɗauki yaro sai da yardar iyayensa ko malaminsa, kada ka mai da talaucin wani ko rashin lafiyarsa abin neman yabo a Facebook. Ka nisanci barikin soja da shingen jami'an tsaro da ofisoshin kan iyaka irin na Kongolam da Babban Mutum, ka kuma tuna cewa a halin rashin tsaro mutane suna da hujjar tsarguwa da baƙon da ke ɗaukar hoton hanyoyi da gidaje. Daga ƙarshe, ka wanke hoton ka kai wa mai shi. Hoto guda da ka mayar zai buɗe maka ƙofa goma.

Ƙannena mata, a nan ku kuka fi mu dama. Rabin rayuwar Bahaushe tana cikin gida, inda namiji ba ya shiga. Daka, da sussuka, da kitso, da lalle, da jeren ɗaki, da tuyar ƙuli-ƙuli, in ba ku kuka ɗauka ba, da yardar iyayenku, a ajiye don 'yan gida, to, sun tafi ke nan. Ba lalle sai an nuna fuska ba. Hannu da taɓarya sun isa labari.

Kaɗan Daga Dabarun Aiki

Ba sai kun sayi babbar kyamara ba, wayar da ke aljihunku ta fi wadda na fara da ita nesa ba kusa ba. Ku riƙa goge gilashinta, domin ƙurar hunturu da maiƙon hannu su ke sa hoto ya yi dishi-dishi. Ku fita da sassafe zuwa hantsi, ko bayan la'asar, sa'ad da haske ke zuwa daga gefe. Da tsakar rana inuwar hula da malfa takan rufe ido. Farar riga a rana takan ruɗi kyamara ta rage haske har fuska ta yi baƙi ƙirin, saboda haka ku taɓa fuskar a jikin wayar kafin ku ɗauka, ko ku nemi inuwar bango. Kada ku jawo abu daga nesa da yatsa, ku taka ku matsa. Kuma ku tuna da darasin labule, bayan kun ɗauki mutum, ku ja da baya taku biyar ku sake ɗauka, har wurin da yake ya shiga.

Kada ku ce sai kun je Kano ko kasuwar Mai'adua ta ranar Lahadi. Kowa ya zaɓi hanya ɗaya a garinsu, ko sana'a ɗaya, ya lazimce ta. Ka tsaya a wuri guda ka ɗauka da damina, da kaka, da hunturu, da bazara, shekara bayan shekara. Ka nemi abin da ke shirin tafiya, rumbun ƙasa, da amalanke, da masaƙa, da yara masu motar kara, da 'yan tashe cikin azumi. Ka kuma ɗauki abin da kake ganin ba zai taɓa tafiya ba, mai cajin waya, da ɗan acaɓa, da mai shayi, domin mu ma haka muka zaci sikelin gyaɗa ba zai tafi ba.

Rubutu Da Adanawa

Hoton da ba a san wuri da lokacinsa ba maraya ne. Da Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya kafin 2018, da kakata ta zama wata mata kawai. Saboda haka kowane hoto a rubuta masa abu huɗu, wane ne, ina ne, yaushe ne, me ake yi. A bayan takarda a yi da fensir, domin tawadar biro tana hudowa. Wannan hutu da za ku je, ku roƙi iyayenku su buɗe adaka, ku zauna da mafi tsufa a gidan ku rubuta sunaye. In an rasa shekara, hoton da kansa yakan taimaka. In motoci suna bin hagu, to, kafin 2 ga Afrilu 1972 ne. In farashi na naira da kwabo ne, daga Janairu 1973 ne.  In kuwa ga dogon ƙarfen sadarwar wayar hannu, ba a kai 2001 baya ba.

Abokan gabar takarda su ne gara da danshi da rana. Ni kaina gara ta cinye mini kwali guda a wata damina. Hotuna masu launi na shekarun 1980 da yawa sun koma jajaye, alhali baƙi da fari na 1971 yana nan. Na waya kuwa sun fi kowanne saurin halaka, waya ta faɗi a rijiya ko a sace, shekaru biyar sun tafi. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, sai in an tura shi a matsayin fayil. Kada kuma ku dogara da wani kamfani, domin Kodak da kansa, wanda injiniyansa ya ƙera kyamarar da ba ta bukatar fim a 1975, ya kai ga neman kariyar kotu saboda bashi a 2012. Ku ajiye kowane muhimmin hoto a wuri uku, kuma duk shekara ku zaɓi 20 ku wanke a takarda.

Kammalawa

Shugaba, ina da roƙo ɗaya ga wannan ƙungiya. Kuna da mambobi daga Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua. In kowane ɗayanku ya dawo daga hutu da hoto 10 masu cikakken bayani, 5 tsofaffi da aka kwafa da izinin masu su, 5 sababbi da ya ɗauka, cikin shekaru kaɗan za ku tara abin da babu shi a kowane ɗakin karatu. Ku keɓe masa shafi a mujallarku, ku naɗa wanda zai riƙe amanarsa, ku kai kwafi inda ake adana kayan tarihi, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna. Ku kuma ma'aikata, in an tura ku wani gari, ku ɗauki hanyar ofishinku ranar da kuka sauka da ranar da za ku tashi.

Gwaggo ta rasu bara waccan, Allah ya jiƙanta. Kafin rasuwarta na faɗaɗa mata wannan gefen hagu, aka sa a gilashi, ta rataye a ɗakinta. Ba a ganin ido, ba a ganin hanci, sai kallabi da faifai da ƙafa ɗaya a miƙe. Duk jikan da ya shiga gaishe ta sai ta nuna masa, ta faɗi sunan mai hoton, ta sa shi ya maimaita.

Abin da ya sawwaƙa ke nan. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure ku gafarce ni. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ku sa'ar karatu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.